Takarda Ba Ta Ihu: Fashin Baƙi Kan Fostocin Finafinan Ban Tsoro

Fim ɗin ban tsoro da abubuwa uku yake kama mutum: sauti, motsi da lokaci. Darakta ya bar ka kana jira, kiɗa na tafiya ƙasa-ƙasa, kyamara na bin dogon lungu a hankali, sai da ka saki jiki sannan abu ya faɗo. Duk wanda ya taɓa kashe sautin irin wannan fim ya san rabin tsoron nan take yake zubewa. To, mai zana fosta ba shi da ko ɗaya cikin ukun nan. Takarda ce shimfiɗaɗɗiya a gabansa, inci 27 da 40 idan a Amurka ne, ko inci 30 da 40 a kwance idan a Birtaniya ne. Ba ta motsi, ba ta magana, kuma mai wucewa kallo ɗaya zai yi mata. Ga wani ƙarin ɗauri: a bainar jama'a za a kafa ta, inda yara da tsofaffi da waɗanda ba su nemi a tsorata su ba duk za su gani.

Kusan duk wata al'ada da ake gani a fostocin nan, daga baƙin bango zuwa jan rubutu zuwa idon da aka zare, dabara ce ta cike gurbin abubuwan nan uku da takarda ba ta da su. Idan aka dubi lamarin ta nan, sai a ga ba kwaikwayon juna kawai masu zanen ke yi ba. Matsala ɗaya ce ke gabansu, shi ya sa amsoshinsu ke kama da juna.

Mu fara da lokaci, domin shi ne mafi wuya. Dubi fostar Jaws ta 1975, wadda Roger Kastel ya zana. Asalinta ma bangon littafi ne, kamfanin Universal ya ɗauko ya yi amfani da shi. A can sama, dab da fuskar ruwa, wata mace ce ke ninƙaya hankalinta kwance, ƴar mitsitsiya. Daga ƙasa kuma kan kifin shak ne ya miƙo tsaye, baki buɗe, haƙora jere, girmansa ya ninka nata sau da yawa, fiye ma da yadda kifin yake a cikin fim ɗin. Babu jini, babu rauni, babu abin da ya faru tukuna. Amma tsakanin bakin kifin da jikin matar akwai ɗan fili na shuɗin ruwa, kuma wannan filin shi ne fostar gaba ɗaya. Idonka na auna shi da kansa: saura ƙiris. Mai zanen ya mayar da lokaci tazara. Abin da fim zai yi da daƙiƙoƙi ya yi shi da inci biyu ko uku na fenti.

Akwai abu na biyu a ciki, wanda ya fi na farko muhimmanci. Kai ka ga kifin, ita ba ta gani ba. An ba ka sanin da ba a ba ta ba, kuma ba ka da hanyar yi mata gargaɗi. Daga nan aka samu ɗimbin fostocin da ke nuna mutum ya juya baya, ko yana kallon gefe guda alhali wata inuwa na tsaye a bayansa, ko yana barci wani hannu na miƙowa daga ƙarƙashin gado. A fostar Poltergeist ta 1982 ƙaramar yarinya ce ta ba mu baya, ta ɗora tafukanta biyu a kan gilashin talabijin mai haske cikin ɗaki mai duhu. Ba mu ga fuskarta ba, ba mu ga abin da take gani ba. Abin da muka sani shi ne bai kamata ta kasance a wurin ba. Fostar da ta yi aiki kusan kullum daƙiƙa ɗaya kafin bala'i take tsayawa. Wadda ta nuna bala'in ya riga ya auku ta gama ba da labarinta, babu dalilin sayen tikiti.

Sai duhu. Mutane da yawa sun ɗauka tun fil'azal fostar fim ɗin tsoro baƙa ce, amma ba haka tarihin yake ba. Fostocin Universal na farkon shekarun 1930, irin su Dracula da Frankenstein na 1931 da The Mummy na 1932, cike suke da launi: kore, ja, rawaya, ruwan lemo. Dalili a fili yake. Finafinan kansu baƙi da fari ne, don haka fosta ce kaɗai wurin da mai kallo zai ga launi, kuma a lokacin dodon shi ne hajar da ake sayarwa. Fuskar Bela Lugosi ko ta Boris Karloff, ƴan wasan da suka fito a matsayin dodannin, ake bajewa ƙato-ƙato, a hasko ta daga ƙasa. Wannan hasken daga ƙasa ya ci gaba har yau, saboda idon ɗan Adam ya saba da haske daga sama, rana ko fitila. In aka juya shi, inuwar hanci ta hau goshi, ramukan ido su yi zurfi, sai fuskar da ka sani ta koma wata iri. Su ma Amurkawan daga Jamusawa suka gaji wasa da inuwa, daga finafinai irin su Nosferatu na 1922, wanda Albin Grau ya zana wa fostoci. Kaɗan ne suka rage daga fostocin wancan zamani, domin kayan talla ne da ake yarwa bayan an gama da su, shi ya sa a 2017 aka yi gwanjon wata ta Dracula a kan dala 525,800.

A shekarun 1950 abin ya ƙara ƙamari. Dodo ɗauke da mace a hannu ya zama kamar tambari, irin wanda ake gani a fostar Creature from the Black Lagoon ta 1954. Kamfanin American International Pictures, na James Nicholson da Samuel Arkoff, har ya yi suna da fara aiki daga ƙarshe: a ƙirƙiri suna mai jan hankali, a zana fosta, a nuna wa masu gidajen sinima, in sun ce za su ɗauka sannan a nemo wanda zai rubuta labarin. Ba abin mamaki ba ne dodon da ke takarda ya fi wanda ke cikin fim ban tsoro nesa ba kusa ba. Mai zane ba shi da iyaka sai ta fentinsa, furodusa kuwa kuɗin rigar roba kawai yake da shi.

Sauyin gaske ya zo ne tsakanin 1968 da 1979, kuma a ganina waɗannan shekaru goma sha ɗaya su ne suka kafa harshen da ake magana da shi har yau. Fostar Rosemary's Baby ta 1968, aikin Philip Gips da Stephen Frankfurt, ba ta da dodo ko kaɗan. Keken jariri ne baƙi ƙirin a kan tudun dutse, ɗan ƙarami, bayansa kuma fuskar Mia Farrow a kwance tana kallon sama cikin wani irin kore mai kama da na rashin lafiya. Shekara biyar bayan haka Bill Gold ya yi ta The Exorcist, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta.

Fim ɗin na 1973 labarin yarinya ce da aljani ya shiga, kuma yana cike da abubuwan da za a iya bajewa a takarda don a girgiza mutane. Babu ko ɗaya a fostar. Abin da ke ciki shi ne wani mutum sanye da hula da doguwar kwat, riƙe da jaka, yana tsaye a bakin ƙofar gida kusa da fitilar titi. Daga wata taga ta sama haske na zubowa a karkace cikin hazo, ya sauka a kansa. Sauran takardar duk baƙi ne. Darakta William Friedkin ya sha faɗin cewa wani zane na shahararren mai zane René Magritte ne ya ba shi tunanin wannan fitowar. Duba abin da hoton ke yi. A al'ada haske shi ne mafaka, duhu shi ne haɗari. A nan an juya: mutumin yana cikin duhun titi lafiya lau, haɗarin yana ɗakin da hasken ke fitowa. Kuma ya tsaya. Bai shiga ba, bai juya ba. Jakar hannunsa ta nuna aiki ne ya kawo shi, ƙanƙantarsa a cikin wannan baƙin fili ta nuna aikin ya fi ƙarfinsa. Duk wannan ba tare da an ga fuskar kowa ba.

Baƙin da ya mamaye irin waɗannan fostoci shi ne madadin jira. A fim ana sa ka zura wa kusurwa mai duhu ido na tsawon lokaci kana tsammanin wani abu. A takarda ba za a iya riƙe ka ba, sai a ba ka duhun mai yawa a bar ƙwaƙwalwarka ta cika shi da kanta, kuma kowa da abin da zai zuba a ciki. An ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'a gani tsoro yake kora: da zarar ka ga dodon sosai, ka san iyakarsa. Fostar Alien ta 1979 ta kai wannan tunani maƙura. Ƙwai ɗaya ne rataye cikin baƙi, ya tsage, wani koren haske na tsiyayowa. Ƙwan bai ma yi kama da waɗanda ke cikin fim ɗin ba. Drew Struzan kuwa ya zana ta The Thing a 1982 cikin kwana ɗaya ba tare da ya ga fim ɗin ba: mutum cikin rigar sanyi, haske na fashewa daga inda fuskarsa ya kamata ta kasance. Rashin sanin kamannin dodon ne ya tilasta masa ɓoye fuskar, sai ga shi ɓoyewar ta dace da labarin da ba a san wanda ya rage mutum ba.

Ja ba ya buƙatar dogon bayani. Launin jini ne, launin gargaɗi ne, kuma a kan baƙi ko fari yana fizgar ido daga nesa. Abin lura shi ne ƙwararru kaɗan suke sa shi, kuma sau da yawa ba a kan jini ba. Jan balan-balan ɗaya a fostar It ta 2017 ya wadatar. Jan suna a saman fostar Jaws shi ne kaɗai jinin da ke cikinta.

Wannan rowa da jini ba duka ne zaɓin masu fasaha ba. A Amurka, duk fim ɗin da ƙungiyar manyan kamfanonin fim, wadda aka daɗe ana kira MPAA (MPA tun 2019), ta yi wa rukunin shekaru, sai ta amince da kayan tallansa kafin a fitar, kuma fostar da za a kafa a fili dole ta dace da idon kowa. An sha yin karo. A 2005 fostar Saw II ta nuna yankakkun yatsu biyu a matsayin lambar fim ɗin, ƙungiyar ta ƙi, sai aka matso da hoton kusa yadda ba a ganin wurin yankan. Yatsun nan dai su ne, da fasassun farata, a kan farin bango, amma yanzu kai za ka ƙarasa abin da ya same su. A 2007 an ƙi fostar The Hills Have Eyes 2 da ke nuna ana jan mutum cikin buhu, hannunsa a waje yana yagar ƙasa. Wadda aka amince da ita ƙafafu ne a waje ba motsi. Ma'ana, gawa ta wuce, mai rai da ke shan azaba bai wuce ba. A shekarar ne kuma aka sauke allunan tallan Captivity a Los Angeles bayan jama'a sun yi ca. A Birtaniya kuwa bangon kaset ɗin bidiyo ne ya tayar da ƙura a farkon shekarun 1980, musamman na The Driller Killer da ke nuna ana huda goshin mutum, kuma hayaniyar na cikin abin da ya kai ga dokar bidiyo ta 1984.

Ba na cikin masu ganin duk takunkumi alheri ne, amma gaskiya ita ce a wannan fanni ya fi amfanar masu zane fiye da cutar da su. Wanda aka hana nuna wuƙa a cikin nama dole ya nemo wata hanya. Robert Gleason ya samo tasa a fostar Halloween ta 1978: hannu riƙe da wuƙa, siffar wuƙar na maimaituwa har ta zama tsagogin fuskar kabewa. Maimaicin nan shi ne motsi. Ido na bin layukan daga gefe zuwa gefe, sai ka ji kamar hannun na sauka.

Bayan duhu, babu abin da aka fi yi wa aiki kamar fuska, musamman ido da baki. Akwai dalilin da ya wuce al'ada. A 2004 Paul Whalen da abokan aikinsa sun buga wani bincike a mujallar Science, inda suka nuna wa mutane farin ido kawai, ba sauran fuska, cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawa ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da haɗari ya fi motsawa ga zararren idon mai tsoro fiye da idon mai farin ciki, tun kafin mutum ya san ya ga wani abu. Tsoro yana yaɗuwa ta ido. In ka ga wani ya zare ido yana kallon bayanka, gabanka zai faɗi kafin ka waiwaya. Fostar Scream ta 1996 da ta The Blair Witch Project ta 1999 duk wannan igiyar suka ja. Ta biyun ma rabin fuska kawai ta bayar, daga hanci zuwa sama, haske na dukanta daga ƙasa, bishiyoyi na bayanta.

Baki kuwa toshe shi ake yi, ko a ɗinke, ko a shafe, ko a wage shi fiye da ƙima. Tunda takarda ba za ta iya ihu ba, sai a nuna ihun da aka hana fita. Fostar The Silence of the Lambs ta 1991, wadda Dawn Baillie ta tsara, ta fi kowacce iya wannan. Fuskar Jodie Foster ce fari fat, idanu jajaye, a kan bakinta kuma wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi ya baje fukafukai. Wannan nau'in ƙwaron da ma yana da tabo mai kama da ƙoƙon kan mutum a gadon bayansa. Sai dai in ka matso sosai za ka ga ƙoƙon kan da ke fostar ba na halitta ba ne. An ɗauko shi daga hoton da Philippe Halsman ya ɗauka tare da mai zane Salvador Dalí a 1951, inda aka jera jikin mata bakwai suka ba da siffar ƙoƙon kai. Fim ɗin labarin mai kashe mata ne, ga matan nan a ɓoye a kan bakin jarumar. Mafi yawan masu wucewa ba za su taɓa lura ba, kuma ba a yi don su lura ba. An yi ne don wanda ya tsaya.

Ɓoyayyen ƙoƙon kai daga baya ya zama ruwan dare. A haɗa bishiyoyi da bukka su ba da shi, ko gajimare, ko mutane a cikin kogo kamar yadda aka yi a wata fostar The Descent. Dabarar tana cin moriyar wata ɗabi'a ta ƙwaƙwalwa, wato ganin fuska a duk inda aka samu ramuka biyu da layi a ƙasa. Ita ce ta sa gidan The Amityville Horror na 1979, mai tagogi biyu a sama, yake kallonka. Ni dai na gaji da ƙoƙon kan, domin yanzu mai kallo nemansa yake tun kafin ya gani, kuma abin da kake nema ba ya ba ka tsoro.

Abin rufe fuska, ƴar tsana da murmushin da ya wuce iyaka duk gida ɗaya suka fito. Masanin mutum-mutumi ɗan Japan Masahiro Mori ya bayyana a 1970 cewa abu yana ƙara burge mu yayin da yake ƙara kama da mutum, har ya kai wani wuri inda ya kusa zama mutum amma bai cika ba. A nan ne tsigar jiki ke tashi. Dodo mai ƙaho da sauƙi, ka san ba ɗan'uwanka ba ne. Fuskar da komai nata daidai ne sai abu ɗaya ita ce matsala. A fostar Us ta 2019 Lupita Nyong'o na janye wata fuska daga kan fuskarta, kuma duk biyun nata ne. Japanawa sun zo da nasu salon da Ringu a 1998 da Ju-on daga baya: farar riga, baƙin gashi ya zubo ya rufe fuska, ido ɗaya na leƙowa. Ba sabon abu suka ƙirƙiro ba. Haka ake zana fatalwa a Japan tun ƙarnonin baya, domin da farin tufafi ake binne mamaci kuma a kwance gashin mace. Hollywood ta ɗauki siffar ta bar dalilin, har ta kai duk yarinya mai dogon gashi a fosta an san fatalwa ce.

Yara da kayan wasansu suna yawan fitowa saboda dalili mai sauƙi: abin da ya kamata a ce amintacce ne, in aka ajiye shi a wurin da bai dace ba, ya fi wuƙa tayar da hankali.

Rubutu shi ne muryar fosta, kuma nan ne aka fi maye gurbin sauti kai tsaye. Haruffan sunan Psycho na 1960 a yage suke, an tsaga su ta tsakiya. Tony Palladino ne ya tsara su don bangon littafin Robert Bloch, darakta Alfred Hitchcock ya saye su don fim. Kafin ka karanta kalmar ka riga ka ji ƙarar yagewa. A ɗaya gefen kuma ga haruffan Alien, sirara, an wawware su nesa da juna a saman takarda. Wannan raɗa ce. Tsakanin ihu da raɗa ne sauran suke: haruffa masu ɗigar jini na tsofaffin finafinai, waɗanda yanzu sai a wasan barkwanci, da rubutun da aka karce kamar da farce, da rubutun hannun yaro.

Akwai kuma wani samfurin haruffa mai suna Trajan, wanda Carol Twombly ta tsara wa Adobe a 1989 daga rubutun da aka sassaƙa a gindin ginshiƙin Sarki Trajan a birnin Rum a shekara ta 113. Da farko manyan finafinai masu neman lambar yabo ne suka rungume shi saboda kwarjininsa. Da ya tsufa a can sai ya gangaro fostocin tsoro, a rina shi ja, a ɗan goge gefensa, ya zama kamar rubutun kan kabari. An yi ta amfani da shi har ya daina cewa komai. Shi kuwa samfurin ITC Benguiat na ƙarshen shekarun 1970, wanda ya yi kama da rubutun bangon littattafan Stephen King na wancan lokaci, ya dawo da ƙarfi bayan fitowar shiri mai dogon zango Stranger Things a 2016. Wannan ba tsoro yake sayarwa ba, kewar tsoron ƙuruciya yake sayarwa, kuma kasuwa ce mai zaman kanta. Ƙananan dogayen haruffan nan da ake cusawa a ƙasan fosta kuwa ba ruwansu da fasaha. Yarjejeniyar aiki ce ta tanadi tsayin sunayen gwargwadon tsayin sunan fim, sai aka matse faɗinsu don su shiga.

Kowace al'ada a cikin waɗannan tana da ranar mutuwa, domin tsoro da sabo ba sa zama wuri ɗaya. Bayan Scream ta yi kasuwa, sai da aka shafe shekaru ana jera kawunan matasan jarumai a kan baƙin bango, kowa na harara, har ba ka bambance wannan fim da wancan. Shekarun 2000 suka zo da toka-toka da shuɗi mai datti da hoto mai kama da wanda ya sha ruwa. Duk lokacin da bangon sinima ya cika da baƙi, wanda ya zo da haske shi ake gani. Saul Bass ya gane haka tun 1980 da ya yi wa The Shining fosta rawaya shar, bayan daraktan fim ɗin, Stanley Kubrick, ya yi ta mayar masa da zane-zane da gyare-gyare a rubuce a jikinsu. Saw ta zo da fari irin na ɗakin tiyata. Midsommar ta 2019 ta zo da shuɗin sama, furanni a ka, rana tsaka, ga Florence Pugh tana kuka wiwi. Ba a karya ƙa'idar ba a nan, an juya ta ne kawai: har yanzu abu biyu ne da ba su dace da juna ba aka haɗa, kuma har yanzu ba a nuna maka dalilin kukan ba.

Kada a ɗauka duk duniya ta yarda da ɓoyewa. A Gana, daga shekarun 1980 zuwa 1990, masu yawo da talabijin da bidiyo da janareta gari-gari suna sa a zana musu fosta da fentin mai a kan buhunan fulawa da aka ɗinke. A can ba a rowa. Kawuna na tashi, jini na feshi, macizai na fita daga baki, har da abubuwan da babu su a fim ɗin sam, domin wani lokaci mai zanen bai kalla ba. Finafinan ƴan gidan Ramsay a Indiya, irin su Purana Mandir na 1984, su ma dodon suke bajewa a gaba da launuka masu ƙarfi. Ƙasar Poland ta zamanin gurguzu ta bi wata hanyar dabam: masu zanenta ba sa amfani da fostocin Amurka, nasu suke yi, ba fuskar jarumi, sai wata siffa mai rikitarwa da ke nuna yanayin fim ɗin. Abin da wannan ke nunawa shi ne yawan ɓoyewa ya danganta da inda za a kafa takardar, da wanda ke da ikon hanawa, da kuma abin da ke gefenta yana gasa da ita. Fostar da ke bakin hanya mai ƙura, tana kiran wanda ke tafe a kan babur, ba ta da halin yin raɗa.

Wannan ne ma ya kawo mu halin da ake ciki yanzu, inda mafi yawan mutane ba a bango suke ganin fosta ba, a waya suke gani, girmanta bai wuce babban yatsa ba. Netflix ta bayyana a 2016 cewa masu kallonta kan ɗauki kimanin daƙiƙa 1.8 a kan kowane hoto kafin su wuce, cewa hoton da ya haura mutum uku ba ya jan hankali sosai, kuma nuna mugun labarin ya fi nuna jarumi tasiri. Ka ɗauki fostar The Exorcist ka matse ta zuwa wannan girman: baƙin murabba'i ne da ɗigon fari, mutumin da jakarsa sun ɓace. Ƙoƙon kan Dalí ba zai ganu ba ko an zura ido. Shi ya sa ƙatuwar fuska ta dawo ta cika fili, kamar dai zamanin Karloff, irin murmushin fostar Smile ta 2022 da ake ganewa ko a ƙaramin allo. Kamfanoni yanzu fosta iri-iri suke fitarwa ga fim ɗaya: ta farko mai ɓoyewa don masu bibiya su yi ta yaɗawa suna muhawara watanni kafin fitowa, wata mai ɗauke da fuskoki da sunaye don bangon sinima, sannan tarin ƙananan hotuna na manhaja, waɗanda kwamfuta ke zaɓar wanda za ta nuna wa kowane mutum gwargwadon abin da ya saba kalla. Mutum biyu na iya buɗe fim ɗaya a dare ɗaya, ɗaya ya ga fuskar dodon, ɗayan ya ga ta wadda dodon ke bi.